Malam Mande Kwastan da Hotunan Yaran Sallah

Duk wanda ya taɓa shiga gidan Malam Mande a Anka ya san gwangwanin nan na ƙofar shigifa. Babban gwangwanin madarar gari ne, ya buga ƙusa ya rataye shi daidai kafaɗar mutum. Kafin ka rufe baki da sallama za ka ji muryarsa daga ciki: "Wa'alaikumus salam. Mi kaz zo da shi cikin aljihu?" In waya ce, a gwangwani. In filash ne ko ɗan katin memori, a gwangwani. Sai ka zazzage aljihu ya gani da idonsa, sannan ya tuna ya tambaye ka lafiyar iyali. Daga nan ne aka laƙa masa Kwastan, shi kuwa ko a jikinsa, in an kira ma da ƙarfi yake amsawa.

Ni Luba, taubashiyarsa ce. Babana da Innarsa ciki ɗaya suka fito, ni 'yar namiji shi ɗan mace, don haka tun muna yara "bawana" nake ce masa ko a gaban wa, shi kuma ya ce mini "uwar tsiwa". Gidan aurena da nasa katanga ce kawai ta raba. Amma ko ni bai taɓa ɗaga mini ƙafa ba. Wata rana na shigo masa da tuwon dawa da miyar kuka, hannu biyu duk a cike, mutumin nan ya tare ƙofa.

"Ina wayakki?"

"Tana ƙulle ga bakin zane. Tuwo nik kawo maka, bawan banza, ba yaƙi ba."

"Tuwon shi shiga. Wayar ta tsaya."

Haka na dire kwanuka a ƙasa, na kwance bakin zane ina zaginsa, yana tsaye yana jira har sai da ya ji ƙarar faɗawarta a gwangwani. Sannan ya ɗauki tuwon ya ce miyar ta yi ruwa.

Duba-gari ne shi. Shekara da shekaru yana yawon ƙauyuka a kan babur, yana leƙa rijiyoyi da randuna da bayan gidajen mutane yana faɗa. Kwamfuta biyu gare shi a gida. Akwai wata tsohuwar laftof mai tsagaggen murfi da yake ajiyewa a zaure, ita ce ta jama'a: mai son a buga masa wasiƙa, mai son ganin hoto, duk wurinta ake zuwa. Sannan akwai babbar ta tebur da ke cikin shigifa, lulluɓe da zanen gado. Wannan ita ake gadi. Ba ta taɓa shiga intanet ba, kuma duk ramukan da ake soka filash a jikinta ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya liƙe da filastar asibiti.

Ina ba ku dariya, amma ku da kuka san shi kun san tushen abin ba na dariya ba ne.

Kafin shekarar da gubar dalma ta faɗa wa ƙauyukanmu, Mande ya sayi wata 'yar kyamara. Ranar Sallah, maimakon ya zauna gida kamar kowane magidanci, sai ya hau babur ya nufi su Dareta da Tungar Daji da ƙauyukan da ke kewaye, yana ɗaukar yara hoto cikin sababbin kaya. Bai karɓi ko sisin kowa ba, son yara ne kawai. Ya yi wa iyaye alkawarin zai wanko ya kawo, amma da ya ji tsadar wanki a Gusau sai ya ce a bari tukuna. Rowar Mande kuwa ba sai na tuna muku ba. Ya juye hotunan cikin kwamfutar shigifa, ita kuma kyamarar ta faɗa gulbi da damina ta tafi da nata.

Sai 2010 ta zo. Ana ɗauko duwatsun zinari daga rami a kawo cikin gida, a daka, a niƙa, ƙurar ta bi tsakar gida da tabarmi da kwanukan abinci. Yara suka dinga suma suna sandarewa. Mande na cikin waɗanda suka yi aikin kwashe ƙasar gidaje tare da likitocin da suka zo, kuma ya dawo daga aikin nan kamar ba shi ba. Da yawa daga yaran da ya ɗauka ranar Sallah sun tafi. A gidajen nan babu mai hoton ɗansa ko ɗaya. Fuskokinsu ba su rage a ko'ina a duniya ba sai cikin akwatin ƙarfen nan na shigifar Mande.

Ya yi niyyar cika alkawari, wannan zan shaide shi. Ya kwafi wasu a filash ya tafi wani shagon wanki a Gusau. Mai shago na soka filash ɗin a tasa kwamfutar, hotunan suka ɓace a kan idonsa, sunayen na nan amma in an danna babu komai. Mai shago ya ɗaga kafaɗa ya ce bairos ne, cutar kwamfuta, kuma ya yi masa kashedi: in ya koma gida ya soka shi a tasa, ita ma haka za ta zama. Mande ya dawo Anka bai ci abinci ba. Ya haƙa rami a bayan gida ya binne filash ɗin, ya ɗauko filasta. Na ce masa ai sai ya sayi sabo ya sake gwadawa, sai ya kalle ni ya ce:

"Luba, waccan gubar ma ba ɓarawo yas shigo muna da ita ba. Mu munka ɗauko ta da hannunmu munka kai ta har ɗaka. Wagga kam ba da hannuna ba."



To daga nan fa gadi ya tashi gadan-gadan. Ita ta zauren, tun da ita ke cuɗanya da jama'a, kowace safiyar Juma'a sai an sabunta mata maganin bairos, abin da yake kira "allurar rigakafi". Sabis kuwa a unguwarmu sai an yi da gaske. Sai ya ɗaure modem, ɗan abin jawo sabis, a kan doguwar gora, ya haɗa da doguwar waya, duk wanda tsautsayi ya biyo da shi ƙofar gida shi zai riƙe. Wata Juma'a Alhaji Nomau, babban ɗan kasuwar hatsi daga Bukkuyum, ya zo da mutanensa nema wa ɗansa auren Hadiza, babbar 'yar Mande, da yake ita da yaron sun riga sun daidaita kansu. Ya sha babbar riga, ya sha turare. Ko zama bai yi ba aka miƙa masa gora.

"Alhaji, taimaka. Ɗaga sama. Ƙara. Juya gabas kaɗan. Yauwa! Tsaya nan, kar ka motsa!"

Bawan Allah nan ya tsaya cikin rana, hannayen riga sun zazzago har kafaɗa, zufa na bin gemu, mutanensa na zaune a tabarma sun sunkuyar da kai don kada dariya ta kufce. Ni da A'i, matar Mande, muna leƙe ta kafar ƙofa kamar mu nutse don kunya. Da allura ta gama shiga, Mande ya rufe laftof ya ce: "Mutumin da yar riƙe gora bai yi ƙorahi ba, ɗanshi na iya riƙon mace. An ba ku."

Shi dai Alhaji Nomau bai gama shan wahalarsa ba. Bayan an zama surukai ya je Makka ya dawo da kati cike da hotuna, ya zo takanas yana son ya gan su a babbar kwamfuta mai faffaɗan gilashi. Kowa ya zaci kunyar suruki za ta sa Mande ya sassauta. Ina! Kati ya kwana a gwangwani har kasuwa ta zagayo, wai sabon bairos sai ya kwana biyu kafin magani ya gane shi. Da Alhaji ya dawo aka soka katin a ta zaure, sai ta hau ƙara tana jero jajayen rubutu. Ashe a hanyar dawowa ya tsaya wurin masu tura waƙoƙi a tasha an zuba masa karatun Alƙur'ani. Mande ya gyara tabarau, ya daɗe yana duba gilashi, sannan ya ce:

"Alhaji, kai dai an yahe maka zunubbanka. Amma katin ga da nashi yad dawo, har da ƙari."

A zaure aka kalli Ka'aba, a ɗan tsagaggen gilashi. Shigifa ko leƙe bai samu ba.

Masu shiga shigifa su ne iyayen yaran. Labari ya bazu cewa Malam Duba-gari na da hotuna, sai mata suka fara biyowa ranar kasuwa, ɗaya ɗaya, cikin jin nauyi. Ba sa iya kuka a gaban namiji, don haka ni ake kira in zauna da su. Mande zai tada janareta in babu wuta, ya yaye zanen gado, ya nemo hoton, sannan ya cire ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ana dannawa, ya jefa aljihu ya fice. Wai kada in taɓa wani wuri in yi ɓarna. Ni da nake renon 'ya'yansa tun suna tsumma!

Cikinsu wadda ta fi shiga raina ita ce Tumba. Doguwa ce siririya daga wani ƙauye a bayan Tungar Daji, ba ta da yawan magana. Ɗanta Sahabi bai kai shiga makaranta ba ya rasu. Nata ba hoto kawai ba ne, Allah ya sa a ranar Mande ya danna wurin bidiyo bisa kuskure, aka sami ɗan guntu. Ga Sahabi cikin rigar Sallah da ta yi masa yawa, yana bin ɗan akuya, ya taka bakin riga ya faɗi, ya tashi yana ƙyalƙyala dariya yana cewa, "Inna, tare mani shi!" Shi ke nan, ya ƙare. Tumba takan zauna a ƙasa, ba ta yarda da kujera. In ya ƙare sai ta dube ni, ni kuma in ƙwala kira: "Bawa!" Ya shigo kansa a ƙasa, ya fito da abin dannawa, ya maimaita, ya fice. Wani lokaci har a yi kiran Azahar ana wannan shiga da fita, kuma ban taɓa jin ya yi tsaki ba.

Sai ga maganar kalmar sirri. Duk ganin sabon wata sai ya canja kalmar da ake buɗe kwamfutar da ita, kuma ba ya rubutawa, ba ya gaya wa kowa. In ka yi magana ya ce, "Abin da anka rubuta an hwaɗa ma duniya." Wata ranar kasuwa Tumba ta zo, an tada janareta, an yaye zane, na ga Mande ya zauna ya ɗora yatsu. Ya buga, ta ƙi. Ya sake, ta ƙi. Ya cire hula ya mayar. Can ya miƙe ya ce, "Yau tana hutu."

"Hutun mi?" na ce. "Noma tay yi?"

"Na ce tana hutu."

Tumba ta ce ba komai, ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi. Na bi bayanta da kallo har ta sha kwana, raina kamar ya fashe. Kwanaki mutumin nan yana zagaye tsakar gida yana motsa baki, abinci sai A'i ta yi da gaske. Ya rame a tsaye. Ashe a masallaci kalmar za ta faɗo masa. Ana sallar La'asar, liman ya yi ruku'u, kowa ya yi tsit, sai aka ji daga sahu na biyu an ce "Yauwa!" Ana sallamewa ya fito a guje ko takalmi bai tsaya nema ba. Da kwamfutar ta buɗe ya tabbatar yara na nan, sai ya koma wurin liman yana tambayar matsayin sallarsa. Liman ya ce ai sai ramuwa. Mande ya ce tun da yake bai taɓa rama salla da daɗin rai irin na ranar ba.

Gari ya yi ta dariya, ni ban yi ba. Na same shi a zaure na ce, "Yau mantuwa ta, gobe in mutuwa ta hwa? Ka tahi da ɗiyan mutane cikin kai?" Ya ce bakina ba ya faɗin alheri. Na ce alherin ke nan nake faɗa masa. Ya juya mini baya yana goge laftof da gefen riga.

Shekaru suka ja, daji ya fara ɓaci. Aka shiga satar shanu da tare hanya, mutanen ƙauyuka suka fara kwashe iyali suna barin gonaki. Matan da ke zuwa ranar kasuwa suka ragu. Wata rana Tumba ta zo, ta kalli Sahabi kamar kullum, amma da aka gama ba ta tashi ba. Ta kwance bakin gyale ta fito da wani ɗan kati, ta riƙe shi a tafin hannu biyu. Ta ce za su tashi, maigidanta na da dangi wajen Gummi, ba ta san ranar da za ta sake ganin Anka ba. Ƙaninta ya ba ta tsohuwar wayarsa da wannan katin.

"Malam, in da hali, a sa mani yaron ga ciki in tahi da shi."

Mande ya karɓi katin ya kai zaure ya gwada. Ja ya cika gilashi. Ya dawo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Katin ga ba shi da lahiya. In nis sa shi, ba Sahabi kaɗai za mu rasawa ba, dut za su tahi."

Na ce, "To a wanke katin mana! Ba kai ka yin allurar Juma'a ba?"

"Magani na barin saura."

"A sawo sabo!"

"Sabon ma wani yaƙ ƙera shi. Kin san hannunshi?"

Tumba ta karɓi katinta ta mayar bakin gyale ta ƙulle. Ta ce, "Allah shi saka da alheri, Malam. Ka riƙe mani shi da kyau." Ba ta yi kuka ba, kuma wallahi da ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ranar na yi masa tas. Na ce gadin nasa ya zama ɗauri. Na ce yaran nan na iyayensu ne, ba nasa ba, amana aka ba shi ba gado ba. Na ce mai gadin da ya hana mai kaya kayansa ban san sunan da za a kira shi da shi ba. Na fita na bar wayata a gwangwani don haushi, sai da yamma A'i ta miƙo mini ta kan katanga. Mun daɗe ba ma wasan taubasantaka bayan wannan, gaisuwa kawai, kamar baƙi.

Ciwon hawan jini ya daɗe yana cinsa yana ɓoyewa. Wata safiya ya faɗi a bakin rijiya, aka kwashe shi zuwa asibiti, ya dawo ɓarin hagu ba ƙarfi, magana tana fita a hankali. Yana samun ƙarfin zama ya sa aka kai shi shigifa. Ina wurin. Ya kunna kwamfutar, maimakon ta tashi sai ta hau wani ƙas-ƙas-ƙas daga ciki, gilashi baƙi ƙirin. Ya kashe ya kunna, haka. Ya sake, muna ta salati ni da A'i, sai can da ƙyar ta kawo haske. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya kalli hannunsa na hagu da ke kwance a cinya.

"Uwat tsiwa," ya ce. Rabon da ya kira ni haka tun ranar Tumba.

"Na'am, bawana."

"Na tsare ƙohwa. Ashe tsuhwa ba ta ƙohwa taka shigowa ba."

Washegari ya aika Gusau aka sayo sababbin katuna a cikin ledarsu, da filash ɗaya, shi da sayen batirin tocila ma sai an yi shawara. Kada ku zaci ya canja hali. Kowane kati sai da aka gwada shi a ta zaure, aka yi masa allura, ya yi kwanakinsa a gwangwani. Na ce, "Kai da kwamhutar kuna rige-rigen tahiya, kai kana jiran gwangwani?" Ya ce gaggawa ce ta kashe na Gusau. Da ranar ta zo, shi da kansa ya sa farce ya ɓamɓare filastar rami ɗaya. Ta daɗe har ta manne, na miƙa hannu in taimaka ya buge mini yatsu. Ya yi bisimilla ya soka.

Babu abin da ya faru. Hotuna suka shiga kati lafiya lau.

Muka shiga aiki. Kullum da hantsi, kafin zafi ya taso wa kwamfutar, ya zauna yana buɗe hoto ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya ba ni mamaki, babu yaron da bai sani ba. Wannan ɗan gidan wane ne na bakin rijiya, wannan jikar mai saƙar tabarma ce, waɗannan biyun 'yan gida ɗaya ne, ƙaramar ta rayu. Kowane gida da katinsa. Filash ɗin kuma aka cika shi aka ba mijin Hadiza ya kai wanki Gusau, da sharaɗin in an gama kada ya kuskura ya dawo da shi Anka, ya nemi wuri ya binne. Hotunan takarda suka iso cikin kwali. Aka dinga ba 'yan kasuwa da direbobi da duk wanda ya san inda wani gida ya koma. Wasu iyayen suka zo da kansu. Wani tsoho ya karɓi hoton jikansa, ya dube shi, ya sa a aljihun gaba, ya zauna a zaure har Azahar sannan ya tafi.

Na Tumba ne ya rage. Babu wanda ya san takamaimai inda suke, sai dai "wajen Gummi". Jikin Mande kuma kullum baya yake yi, har ya daina fitowa shigifa. Duk shigar da zan yi, kafin gaisuwa zai ce, "An samu?" In ce tukuna. Ya juya fuska bango.

Sai na ce ni zan je. Maigidana ya ce hanya ba kyau, na ce na sani. Na bi motar safe, kowa a ciki bakinsa na motsi da addu'a, duk inda daji ya yi duhu direba ya ƙara wuta. A Gummi na bi masu sayar da hatsi da masu awo ina tambayar baƙin da suka taso daga ƙasar Anka, wannan ya tura ni wurin wancan, har wata mai ƙosai ta ce ta san wata doguwa marar magana da ke yi wa mutane surfe a bayan makarantar firamare.

Na same ta tana bakace a wani ɗan tsakar gida da aka raba da zana. Ta ƙara ramewa. Da ta gan ni sai faifan ya tsaya a hannunta. Ban iya doguwar gaisuwa ba, na kwance bakin zane na ba ta hoton da katin. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wayar nan, muka cire tsohon katin muka sa sabo, ban san ko wayar za ta karɓa ba. Sai ga muryar yaro ta cika gidan.

Wata 'yar yarinya da aka haifa bayan rasuwarsa ta taso daga gindin turmi ta leƙa. Tumba ta jawo ta jikinta ta ce, "Ga yayanki. Gaishe shi." Yarinyar ta ce wa waya, "Ina wuni." Nan ne na kasa, na juya na rufe fuska da gyale.

Da zan tafi ta rako ni har bakin titi, wayar na ƙulle a ƙugunta. Ta ce, "Ki ce ma Malam, Sahabi ya iso gida."

Na kwana a Gummi wurin wata ƙawata, na dawo washegari da La'asar, ko gidana ban shiga ba. Yana kwance, A'i na yi masa fifita. Na durƙusa kusa da kansa na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni. Ya rufe ido. Hawaye ya gangaro ta gefen da ba ya motsi, A'i ta share masa. Na zaci barci ya ɗauke shi. Can sai ya buɗe ido ɗaya.

"Kin hwaɗa mata kar ta kai shi wurin masu tura waƙa?"

"Na hwaɗa."

"Da ƙarhi?"

"Har maƙwabta sun ji."

"To," ya ce. "Madalla."

Bai ƙara sati ba. Ya rasu da hantsi, ranar Laraba, A'i na riƙe da hannunsa. Kalmar sirrin watan da shi ta tafi, don har ƙarshe bai gaya wa kowa ba, kuma babu wanda ya damu ya nema. Babu sauran yaro ko ɗaya da ke jira a ciki.

Mun yi faɗa da mutumin nan fiye da yadda na yi da kowa a duniya, kuma babu wanda nake kewa kamarsa. Ya Allah, ga bawanka Mande nan ya zo maka. Ya yi taurin kai, ya yi rowa, ya wahalar da surukinsa, amma an ba shi amanar 'ya'yan mutane ya mayar wa kowa da nasa. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabari, ka sanyaya zukatan iyayen nan duk inda suka watsu. Ka haɗa shi da yaran a Aljanna, su gan shi su gane shi. Amin.